Iska da Yanayi a Wasan Golf: Jagora ga Mai Bugu da Mai Shirya Fili

A galibin wasannin ƙwallo da muka saba gani, abokan karawa sukan shiga fili ɗaya ne a sa'a ɗaya, in rana ce ta gasa su tare, in ruwa ne ya jiƙa su tare, sa'an nan in aka dawo daga hutun rabin lokaci a sauya raga, domin wanda iska ta tura ɗazu ya zama shi take tarewa yanzu. Wasan golf ya fita daban a wannan babi. A babbar gasar Birtaniya da ake kira Open, wadda aka fara tun 1860 a Prestwick ta ƙasar Sikotilan, mutum 156 ne ke fita bi da bi, uku-uku, daga wuri guda, na farko ya ɗaga sanda da misalin ƙarfe shida da rabi na safe, na ƙarshe kuwa sai bayan ƙarfe huɗu na yamma, alhali a bakin tekun ƙasar nan sama tana iya sauya fuska sau uku tsakanin hantsi da la'asar; amma duk da haka a ƙarshe sai a tara lissafinsu duka a allo guda, a ce wanda ya zagaye ramuka da mafi ƙarancin bugu shi ne zakara. Daga nan ne mas'alar ta taso, watau ina iyakar wahalar da ta halatta a wasa, kuma daga ina zalunci yake farawa. Kafin mu kai ga hukunci, wajibi ne mu fara sanin abin da iska take yi wa ƙwallo, da abin da ya kamata mai bugu ya yi da ita.

Ƙwallon golf ɗan ƙarami ne, nauyinsa a ƙa'ida ba ya wuce giram 45.93, ramin da ake nufa da shi kuwa faɗinsa milimita 108 ne kacal. Idan sanda ta dake shi, yakan tashi yana juyawa da baya da sauri ƙwarai, kuma wannan juyi, tare da 'yan lotse-lotsen da ke jikinsa, shi ke ɗaga shi sama ya riƙe shi a can kamar yadda fiffike ke riƙe shirwa. To, a nan akwai wata hikima wadda duk mai son wasan ya kamata ya haddace: turjiyar da iska ke yi wa abu mai gudu tana ƙaruwa ne gwargwadon saurinsa in an ninka shi da kansa. Mu ƙaddara ƙwallo yana tafiya da saurin 100 a rana mai tsit, turjiyarsa ta zama 10,000. In iska mai saurin 20 ta taho ta gabansa, ya zama kamar yana gudun 120, turjiya ta haura 14,400, an ƙara masa nauyin 4,400 ke nan. In kuwa ta bayansa ta biyo, ya zama kamar 80, turjiya ta sauko 6,400, abin da aka rage masa 3,600 ne kawai. Ashe ke nan abin da iskar gaba ta ƙwace, iskar baya ba ta mayar da shi duka, kuma wannan ne dalilin da ya sa ranar iska lissafin kowa yakan lalace, ko da a ce rabin ramukan da ita ake tafiya, rabi kuma ana fuskantarta.

Aikin farko na mai bugu shi ne karanta iskar, kuma ba a karanta ta da ido ɗaya. Za ka ga gwani ya tsaya a wurin bugun fari, ya sunkuya ya tsinko 'yar ciyawa, ya ɗaga hannu daidai kafaɗa ya sake ta, ya bi ta da kallo har ta sauka. Wannan ya nuna masa abin da ke faruwa inda yake tsaye ne kaɗai. Sai ya ɗaga kai ya dubi tutar da ke bakin rami, ya dubi kan itatuwa in akwai su, ya dubi tafiyar gizagizai na ƙasa-ƙasa, gama ƙwallonsa can sama zai yi mafi yawan tafiyarsa, inda iska ta fi ƙarfi kuma babu tudu ko gini da ke kare ta. Dokokin wasa, waɗanda hukumar R&A ta St Andrews da hukumar USGA ta Amurka suke tsarawa tare, sun yarda mutum ya duba hasashen yanayi, sun yarda ya jefa ciyawa, amma sun hana shi auna ƙarfin iska da na'ura a cikin fili, ko watsa hoda domin ganin inda ta nufa. Ni ina ganin wannan hani daidai ne, domin kiyasin iska rabin sana'ar ne, kuma in aka miƙa shi ga na'ura an cire wa wasan ɓargo. Wanda ke shakkar wahalar wannan kiyasi ya tuna rami na 12 a filin Augusta na Amurka, wanda tsawonsa yadi 155 ne kawai, amma iska takan shiga tsakanin dogayen itatuwa ta yi ta kewaye. A gasar Masters ta 2019 huɗu daga cikin masu neman kambi suka jefa ƙwallonsu a rafin da ke gabansa a ranar ƙarshe, Tiger Woods kuwa ya nufi tsakiyar farfajiya, watau lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ya bar tuta inda take, ya ci gasar.

Idan iska ta fuskance ka, zuciya za ta raya maka ka ƙara ƙarfi, kuma wannan waswasi ne wanda ya halaka lissafin mutane da yawa. Ƙarin ƙarfi ƙarin juyi yake haifarwa, ƙarin juyi kuma cikin iskar gaba yakan sa ƙwallo ya yi ta hawa sama kamar an ja shi da zare, ya tsaya cak, ya faɗo nesa da inda aka nufa, wani lokaci har ka ga kamar baya yake dawowa. Abin da ya dace shi ne ka ajiye sandar da ka saba ɗauka a wannan nisa, ka ɗauki wadda ta fi ta kai wa nesa da daraja ɗaya ko biyu, wadda fuskarta ba ta kwanta sosai ba. Ka sauko da hannunka kaɗan a kan mariƙi, ka buɗe ƙafafu domin ka kafu, ka sa ƙwallo ya ɗan koma wajen ƙafarka ta baya, sa'an nan ka yi lilo na kashi uku cikin huɗu, a natse, hannuwanka su ƙare ƙasa-ƙasa. Ƙwallon zai fita a sunkuye, ya huda iskar, ya sauka ya gangara. Masu wasa suna da wani awon gaggawa da suke cewa a ƙara sanda ɗaya a kan kowane mil 10 na saurin iskar gaba. Mafari ne mai amfani, amma ba nassi ba ne, domin mai bugu sama-sama zai buƙaci fiye da haka. Tun da doka ta ƙayyade sanduna 14 a jaka, mai hankali yakan dubi sama tun da safe kafin ya zaɓi waɗanda za su raka shi.

Iskar baya daɗinta a bugun fari yake, inda za ka ɗaga ƙwallo sama ka bar ta ta ɗauke shi. Illarta tana bayyana ne sa'ad da ka matso kusa da rami, gama takan danne ƙwallo ta hana shi saukowa a tsaye, sai ya dira ya zarce ya faɗa bayan farfajiya. Magani shi ne ka sauke shi tun kafin ya isa, ka bar ƙasa ta ƙarasa maka aikin. Iskar gefe kuwa hanya biyu gare ta: ko ka nufi gefen da take fitowa ka bar ta ta dawo da ƙwallon, wanda shi ne mafi sauƙi kuma mafi aminci ga mai koyo, ko ka lanƙwasa bugun ya yi gaba da ita domin ya tsaya inda ya sauka, wanda aikin ƙwararru ne. Nasihata ga mai koyo ita ce ya bi ta farko, kada ya yi jayayya da abin da ya fi shi ƙarfi, don Hausawa sun riga sun faɗa cewa iska tana wahalar da mai kayan kara.

A farfajiyar rami, watau wannan kewaye mai lallausar ciyawa inda ake gangara ƙwallo a ƙasa, iska ta fi taɓa mutum fiye da ƙwallo: rigarsa tana kaɗawa, idonsa yana hawaye, sanda tana rawa a hannunsa. Sai ya ƙara buɗe ƙafa, ya rage tsayi, ya taƙaita shiri. Amma in ciyawa ta yi santsi ainun, ƙwallon kansa yakan fara makyarkyata a inda yake, har ya gangara ba wanda ya taɓa shi. A da, in mutum ya riga ya kafa sandarsa bayan ƙwallo sa'an nan ƙwallon ya motsa, akan ɗora masa tarar bugu ɗaya ko da iska ce ta yi. Haka ta faru ga Webb Simpson a New Orleans a 2011, aka ci shi tara, gasa ta ƙare kunnen doki tsakaninsa da Bubba Watson, ya sha kaye a bugun raba gardama. Aka gyara dokar daga farkon 2012. Hukuncin yau, bisa dokokin da aka sabunta a 2019, shi ne: in iska ta motsa ƙwallo babu tara, a buga shi daga inda ya tsaya, ko ya matso ko ya yi nisa, sai dai in a farfajiya ne kuma ka riga ka sa alama ka ɗaga shi ka mayar, to a nan sai ka komar da shi gurbinsa. Fa'idar da ke cikin wannan a fili take: ranar iska, da zarar ƙwallonka ya tsaya a wuri mai kyau, yi hanzari ka sa masa alama.

Ruwan sama nasa sha'anin dabam ne. Yakan tausasa ƙasa, ƙwallo ya daina gangarawa, fili ya ƙara tsawo, amma kuma farfajiya ta riƙa kama ƙwallo inda ya sauka, shi ya sa ƙwararru sukan fi yin lissafi mai kyau bayan an yi ruwa an ɗauke babu iska. Abin tsoro shi ne jiƙewar mariƙin sanda, don haka akan rataye tawul a ƙarƙashin laima, a riƙe safar hannu fiye da ɗaya. Mai ɗaukar jaka yana iya riƙe maka laima har ka gama shiri, amma lokacin bugun kansa dole ya janye. Inda ruwa ya kwanta na ɗan lokaci, ko ƙwallo ya nutse a gurbin da ya sauka, shari'ar wasa ta yi rangwame a ɗaga a sauya wuri ba tara. Sanyi yana sa iska ta yi kauri, tafiyar ƙwallo ta ragu. Zafi da tudu kuwa suna sa ta yi shara-shara, ya ƙara nisa. Wanda ya saba wasa a Ikko, in ya hau filin Rayfield na Jos, inda ƙasa ta ɗaga sama da mita 1,200, zai tarar sandunansa sun ƙara tsawon hannu. Haka nan mai wasa a Kano ko Kaduna da hunturu yana da nasa karatun: iska daga arewa maso gabas, hazo ya ɓoye tuta, ƙasa ta bushe ƙaƙas, har bugun ƙasa-ƙasa irin na mutanen Sikotilan ya fi na sama amfani.

Abu ɗaya ne ba a yin jarumta da shi, shi ne tsawa. A 1975 ta faɗa wa Lee Trevino a wata gasa kusa da Chicago, ya rayu amma bayansa ya samu lahani har aka yi masa aiki. A 1991 kuma, a gasar US Open a Hazeltine, ta kashe wani ɗan kallo da ya fake a ƙarƙashin itace. In ka ji an busa ƙaho dogon busa ɗaya, ajiye sanda nan take ka nemi gini ko mota. Busa uku a jere dakatarwa ce ta yau da kullum, gajeru biyu kuma izinin komawa ne. Ko ba a busa ba, doka ta ba ka ikon tsayawa in ka ga haɗarin tsawa, sai dai ka sanar da alƙalai da wuri. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye lissafi.

Yanzu sai mu koma ga mas'alar adalci. Dabarar da masu gasa suka yi ita ce, wanda ya fita da safe ran Alhamis, ranar farko ta gasa, ya fita da yamma ran Juma'a, na yamma kuma ya dawo safe, da fatan abin ya daidaita. Sau da yawa yakan daidaita, wani lokaci kuwa ko kusa. A St Andrews a 2010, Rory McIlroy ya yi zagayen farko da bugu 63 cikin safiya mai tsit. Washegari da yamma iska ta taso har aka dakatar da wasa na wajen awa guda domin ƙwallaye suna motsi a farfajiya, ya ƙare da 80. Louis Oosthuizen na Afirka ta Kudu, wanda ya fita da sassafe a ranar, ya riga ya yi 67 ya koma masauki kafin abin ya tsananta, kuma shi ya ci gasar da ratar bugu 7. A Muirfield a 2002, Tiger Woods ya zo da kambin Masters da na US Open na shekarar a hannunsa, sai hadari mai sanyi da iska ya sauko daga teku ran Asabar daidai lokacin fitarsa, ya yi 81, washegari da gari ya lafa ya yi 65. Colin Montgomerie ya yi 64 ran Juma'a, ya yi 84 ran Asabar. Waɗanda suka fita da wuri suka gama a bushe, suna zaune suna kallon sunayensu na hawa allo.

Shin wannan zalunci ne? A ganina a'a, kuma ina da hujja biyu. Ta farko, zalunci aikin mai niyya ne ko mai sakaci, hadari kuwa ba ya duba jadawali. Abin da ya sauka daga sama rabo ne, kuma wanda ya daɗe a sana'ar zai ga ranar da rabon ya faɗo gefensa kamar yadda ya ga ranar da ya kauce masa. Ta biyu, ko a cikin hadarin akwai fifiko: Ernie Els yana cikin waɗanda suka fita a makare a wannan Asabar ta Muirfield, ya daure ya yi 72, kuma shi ya ɗauki kofin. Filayen bakin teku na Sikotilan, masu yashi da tuddai ba itatuwa, iska ce garkuwarsu tun asali. Tsohon filin St Andrews yana miƙewa ne ya tafi sa'an nan ya juyo gida, Muirfield kuwa da'ira biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, kowace tana juyawa ta fuskar da ta saɓa wa 'yar'uwarta, har mai wasa ba ya samun ramuka da yawa a jere da iska ɗaya. Wanda ya ce a cire iska daga irin waɗannan wurare, wasan ne kansa yake so a cire.

Inda nake ganin laifi yana iya shiga shi ne wajen abin da ke hannun ɗan Adam, gama shirya fili amana ce. Masu shiri su ke yanke tsawon ciyawa, su ke ba ta ruwa ko su hana, su ke zaɓar inda za a haƙa rami kowace safiya, su ke matso da wurin bugun fari ko su ja shi baya, su ke cewa a fara ko a dakata. A Shinnecock Hills ta jihar New York, a gasar US Open ta 2004, an bar farfajiyar rami na 7 ta bushe har ƙwallo ya ƙi tsayawa a kanta, aka koma yayyafa mata ruwa ana tsakiyar wasan ranar ƙarshe, wanda ke nufin waɗanda suka riga suka wuce sun buga wani fili, na bayansu sun buga wani. A wannan fili dai a 2018, ran Asabar, Daniel Berger da Tony Finau suka fita da wuri suna bayan jagora da bugu 11, kowannensu ya yi 66. Da yamma iska da rana suka busar da farfajiyoyi, ramukan da aka haƙa kusa da gangara suka zama tarko, bugu mai kyau ya riƙa zarcewa, jagora Dustin Johnson ya yi 77, aka wayi gari su biyun suna cikin masu jan gaba. Hukumar USGA da kanta ta amsa cewa shirin ya wuce kima. Haka kuma a St Andrews a 2015, aka fitar da mutane da safiyar Asabar cikin iska mai tsanani, suka yi minti 32 suna fama, waɗansu suka yi asarar bugu, sa'an nan aka dakatar fiye da awa 10, gasa ta kai Litinin. Dakatarwar daidai ce. Fitarwar ce kuskure, domin asarar waɗancan mintoci ta zauna a lissafin wasu, wasu kuwa ba su ko ɗaga sanda ba.

Mizanin da nake ba masu shiri guda ɗaya ne: bugu mai kyau ya sami sakamako mafi kyau daga mummuna, kuma ƙwallon da ya tsaya ya iya zama a tsaye. Muddin wannan sharaɗi yana nan, a bar mutane su sha wuya, ko da zakara zai ƙare da bugu 6 sama da adadin da aka ƙayyade wa fili kamar yadda Paul Lawrie ya yi a Carnoustie a 1999. In sharaɗin ya faɗi, wasa ya koma caca. Saboda haka ne masu gasar Open suke barin ciyawar farfajiyarsu ba ta kai ta manyan gasannin Amurka santsi ba, kuma in hasashe ya nuna iska sukan fasa yanka ta a ranar. A shirya fili domin la'asar mafi muni da ake tsammani, kada a shirya shi domin safiya mai daɗi.

Masu wasan sha'awa ma an yi musu tanadi. Tsarin rangwame na duniya da aka fara a 2020, wanda ke ba mai rauni damar karawa da gwani, yana da wani lissafi da ake yi kowace rana: a tattara sakamakon waɗanda suka buga fili ɗaya, in sun kai mutum 8, a gwada da abin da aka saba gani gare su, in ranar ta yi tsanani a sassauta da bugu 1 zuwa 3, in ta yi sauƙi ainun a tsaurara da bugu 1. Don haka, ya kai mai karatu, in ka sha iska ka dawo da lissafin da kake jin kunyarsa, kada ka yaga katin ka jefa a kwando. Miƙa shi ga magatakardan kulob a ranar, domin da katinka da na 'yan'uwanka ne ake gane cewa ranar ta yi wuya.